Fada Mai Rigar Tampol

A tashar manyan motoci ta Tunduma, Mama Atupele mai shayi tana tsaye da buta a hannu, ta rasa ko dariya za ta yi ko addu'a. Shekara talatin tana waƙa a cocin Katolika, ba ta taɓa ganin Fada irin wannan ba.

Dogon dattijo ne, rigar limancinsa da tampol aka ɗinka, carbinsa kuwa notinan taya. Yana tsoma tsintsiya a ruwan lagireto yana yayyafa wa tireloli, direbobi na amsa "Amin" da hon. Wai sunan cocinsa Cocin Birki Mai Tsarki. Hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Tsohon makanike ne, ko korarre daga makarantar limamai? Oho.

Abin haushin, mijinta Mwakyusa ne durƙushe gaban motarsa, yana neman gafara kafin ya gangara tsaunin Kitonga da lodin siminti.

"Fada, na yi lodi ya wuce ƙima."

"An yafe, ɗana."

Sai dattijon ya tattare riga ya shige ƙarƙashin motar, ya fito da giris har gemu.

"Kai, ja'iri! Allah ya yafe, amma birkinka bai yafe ba. Yau ba inda za ka."

Mama Atupele ta buɗe baki za ta ce saɓo ne, ta dubi mijinta, ta fasa. Ta cika wa dattijon kofi, har da sukari cokali uku.