Kitson da Inna Rahila ta bar mini

Shekara huɗu ke nan da aka harbe Inna Rahila, ƙanwar mahaifiyata, a hanyar Tsafe. Ina gefenta a cikin mota. Ita ta danne kaina ƙasa, shi ya sa nake raye yau. Har yanzu in babur ya yi ƙara a bayana sai in waiwaya ina neman wurin ɓuya.

Mai kitso ce a Gusau, a wurinta na koya. Amma akwai kitson da ba a kiranta, ita take kai kanta. In aka yi rasuwa ko doguwar jinya, a cocinmu ko a gidan maƙwabtanmu Musulmi, sai ta bari masu gaisuwa su ragu, ta je da mataji da man kaɗanya. Ba ta wa'azi. Takan ce, "Zauna nan, 'yar'uwa, wannan kai naki ai kaza sai ta yi ƙwai a ciki." Matar ta yi dariya ko ta fashe da kuka, Inna kuwa tana tsifa tana addu'a ƙasa-ƙasa.

Bayan rasuwarta na daina fita. Coci ma sai an raka ni. Na yi fushi da Allah, ban kuma ɓoye masa ba.

A watan jiya matar fastonmu ta zo mini da maganar wata yarinya a Bungudu, wadda aka sako bayan ta daɗe a hannun 'yan bindiga. Gashinta ya dunƙule, ta hana kowa taɓawa, uwarta har ta sayo reza. Na ce, "Mama, ni da ko tasha ba na iya zuwa?" Ta ce, "Na san kina tsoro, 'yata. Amma hannun Rahila yana wurinki."

Na yi ta tunanin abin da Inna za ta ce da ta ga yadda garuruwanmu suka cika da irin waɗannan yara. Ina jin ba za ta ce komai ba, kwatancen gidan kawai za ta tambaya.

Daga ƙarshe na shiga motar Bungudu, ina kiran sunan Yesu a zuci har muka isa. Yarinyar ta ƙura mini ido ta ce, "Ke ma sun kama ki?" Na ce, "A'a. Innata suka kashe a jikina." Sai ta zare ɗankwalinta ta juya mini baya. Sai da muka kai la'asar, amma ba a aske ba.

Dā ina roƙon Ubangiji ya cire mini tsoro. Bai cire ba, amma ya kai ni Bungudu da shi, kuma ina zaton haka Inna ma ta riƙa shiga gidajen mutane. Abin da ya rage nata a duniya ke nan, yana kuma cikin yatsuna.

Da zan taho yarinyar ta riƙe mini zane ta ce, "Anti, in kitson ya tsufa fa?"

Na ce mata zan dawo.