Allon da Ba Ya Mantuwa

Mun tashi daga Dambatta muna idar da sallar asuba, mu uku daga makarantarmu: ni, da malamar lissafi, da wani dattijo da ya haura shekara ashirin yana riƙe da aji shida. Bitar koyarwa da kwamfuta aka tura mu a Fagge. Tun da sojoji suka koma bariki bita ta yi yawa, amma wannan da sharaɗi ta zo. Hedimasta ya ce duk wanda ya dawo ba takardar shaida, zai bar aji ya koma tsaron sito. Kowa ya san da wa ake.

Hanya lafiya lau har Dawanau, inda motocin hatsi suka tsare mu. Daga Kurna kuwa sai 'yan acaɓa, kowa da hannunsa a kan oda. A Fagge muka karya da waina da miyar taushe kusa da masu sauke dilar atamfa. Wainar ta fi tamu tsada, ta kuma fi tamu ƙanƙanta.

Zauren bitar yana wani bene a bayan Titin Ibrahim Taiwo. Kwamfutocin ba su kai mu yawa ba, sai aka raba kowace ɗaya ga mutum uku, ana karɓa-karɓa. Mai koyar da mu wata Hajiya ce Bayarabiya, haifaffiyar Fagge, Hausarta har ta fi tawa gishiri. Don ta kwantar mana da hankali, ta ce mu ɗauki gilashin kwamfutar nan tamkar allon aji, ba wani abin tsoro ba ne. Dattijo ya gyaɗa kai. Allo dai ya san shi.

Rana ta biyu muka shiga Kasuwar Sabon Gari sayen faifan da ake adana aiki a ciki. Mai shagon, wani ɗan ƙabilar Ibo, ya dinga kiran dattijo Baba Tica har ya sa shi dariya. Muka ci teba da miyar agushi, yaji ya sa malama hawaye. Dattijo ya naɗe faifansa a hankici ya cusa a aljihu, bai sake ciro shi ba.

Rana ta uku jarrabawa: kowa ya tsara darasi ɗaya, ya adana, ya ba na bayansa wuri. Da yatsa ɗaya dattijo ya buga nasa, kusan awa biyu. Na leƙa, wallahi ya fi nawa tsari, tun daga manufa har tambayoyin ƙarshe. Da ya gama sai ya danne maɓallin gogewa, bai ɗaga ba sai da allon ya yi fes. Ya miƙe yana kaɗe hannu.

Hajiya ta zo da takardar ba da maki, ta tambaye shi ina aikinsa.

"Na goge, Hajiya. Ai ban taɓa bar wa malamin da zai shigo bayana allo da rubutu ba."

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don siton nan na hango da karyayyun bencuna. Hajiya ta ce laifinta ne, ita ta ce allo ne. Ta sunkuya ta dinga danna wasu maɓallai biyu, sai ga darasin yana dawowa har ya cika. Dattijo ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ashe wannan allon ba ya mantuwa."

Ta sa ya kwance hankicinsa, ya adana aikin da hannunsa. A mota ya gaya mana kwana uku bai ji ɗanɗanon abinci ba saboda tsoro.

Mun iso gida kafin magariba, kowa da takardarsa. Abin da na koyo shi ne, maɓallai ba su da wuyar koyo, abin da hannu ya saba shi ne mai wuyar sauyawa. Kwamfutar da aka ce za a kawo makarantarmu har yau ba ta iso ba. Amma jiya ina aji biyar na jiyo dattijo ta bango, ya gama darasi zai goge allo, yana tambayar yara: "Kun adana?"