Ambulan ɗin Damagaram

Tamimu direban tasi ne a unguwar Bronx, mutumin Damagaram. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo. Jarabarsa ɗaya ce: tara tsofaffin ambulan na wasiƙa da jiragen sama na farko suka ɗauko, musamman waɗanda matuƙan suka sa wa hannu. Da hantsaki yake taɓa su, kuma cikin akwati yake ɓoye su, domin ya san rana tana cinye tawada.

A shekarar 2014 ya ji za a yi gwanjo a Manhattan, har da wani ambulan mai hatimin gidan wayar Damagaram da sa hannun wani matuƙi Bafaranshe. Garinsu ke nan, a zamanin kakansa. Don burga kawai ya ɗauki Alhaji Moro, dattijon Kumasi mai shagon kayan abinci a unguwar Tremont, ya zo ya ga yadda masu ilimi ke sayayya.

Ana kiran ambulan ɗin, Alhaji Moro ya riga shi ɗaga hannu, wai hoton jirgin da ke jikinsa ne ya ba shi sha'awa. Tamimu ya fasa tayi. A gidansu ba a shiga cinikin ɗan'uwa, balle na babba. Haka ya zauna, hannunsa a cinya, har aka buga guduma.

Daga ranar ƙyashi ya kama shi. Mutumin da bai san bambancin tambur na wasiƙa da takardar kanti ba! Abin takaici ma, Alhaji ya manna ambulan ɗin a gilashin shago, inda rana ke dukansa daga hantsi zuwa la'asar. Duk Juma'a Tamimu yakan biya, wai sayen doya, ya saci kallo, ya ga tawadar ta ƙara dishewa. Magana ɗaya za ta ceci ambulan ɗin. Bai yi ta ba. A ransa cewa yake, in shi bai samu ba, to kowa ma ya rasa. Har wani daɗi-daɗi yake ji, mai ɗaci.

Bayan shekara uku Alhaji ya sayar da shagon, zai koma gida. Ya kira Tamimu, ya ɓamɓare ambulan ɗin ya miƙa masa.

"Ƙanina, riƙe. Na garinku ne, kai ka san value nshi. Da ka yi magana, da na ba ka long time. Amma writing ɗin ya gudu, ban san me ya same shi ba."

Tamimu ya karɓa da hannu biyu. Inda sa hannun yake, babu komai sai ɗan shatin ruwan ƙasa.

"Rana ce, Alhaji," ya ce.

Dattijon ya dube shi. "Ashe ka sani."