Bijimin da Ya Cinye Mini Rufin Ɗaki

A Potiskum, ko jaririn da aka haifa jiya gani yake ya san shanu. Ni ma haka nake ji da kaina a lokacin, alhali iyakar sanina da sa shi ne in tsamo shi a cikin miya.

Jihar Yobe tana sabuwa fil a shekarun nan, ni kuma ina koyar da lissafi a wata firamare, muna zaune a gidan ƙasa da na gada a Dogo Nini. Rufin ɗakin kwananmu ya gaji, azara duk ta ruɓe. Idan ruwa ya ɗauke a gari, a ɗakinmu sai ya ƙara kwana biyu yana sauka. Maiɗakina ce ta matsa mini na shiga adashe da 'yan'uwana malamai, muka shekara muna lasar miyar kuka ba ko ƙashi, duk don a buga wa ɗakin kwano kafin wata damina. Kwasata ta zo saura wata uku babbar sallah, kuma kuɗin ya isa kwano da katako da ƙusa har da ladan kafinta.

Sai shaiɗan ya zo mini ta hanyar da na fi amincewa da ita, wato lissafi. Na zauna da alli na buga: in sayi sa, in turke shi wata uku, in sayar da sallah, kuɗi ya ninka. In rufe ɗaki, in rufe zaure, har akurkin kaji ya samu kwano.

"Malam, kwano fa muka tara wa kuɗin nan," in ji maiɗakina.

"Kwanon zan sayo, sai dai zai ɗan yi wata uku yana cin harawa tukuna."

Ba ta yi dariya ba.

Ina da maƙwabci katanga ɗaya, wani dattijon Bafulatani da ya bar daji ya zama dillali a kara, kasuwar shanu. Ni Babarbare ne, saboda haka tsakaninmu ba a gaisuwa sai da gori. Kamata ya yi in tafi da shi sayen san, amma na ƙi. Ina ƙyashin la'adar da zan ba shi, kuma ba na son ya riƙa yawo a unguwa yana cewa bawansa bai iya sayen sa ba sai da ya riƙe masa hannu.

Ranar Laraba na sa babbar riga na shiga kara ta bayan fage, ina kauce wa rumfarsa. Can gefe na hango wani farin bijimi, ciki kamar tankin ruwa, fata tana sheƙi. Mai shi dogo ne da malfa, ya ce daga wajen Gadaka ya koro shi. Na zagaya san sau uku, na bubbuga tozo kamar yadda na ga ana yi, na ce "uhm" irin ta manya. Ban san abin da nake nema ba. Na taya, ina jiran ya ce albarka mu fara ja. Bakina bai gama rufuwa ba ya ce, "Na sallama."

Da ina da hankali, a nan zan tuɓe takalmi in ruga. Maimakon haka sai na ji tausayin mutumin, wai na cuce shi.

Tun daga kara har ƙofar gida bijimin nan fitsari yake yi. In da gero aka shuka a bayanmu, da ya tsiro. Na ce a raina alamar lafiya ce. Da gari ya waye na leƙa turke, sai na ga kamar an sace mini sa an ɗaure mini fatarsa a kan itace. Daga zaure kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Na zuba masa harawa, ya ɗauka ya yi ta mamula, ya tofar da ita jiƙe.

Kwana biyu ina ɓoyewa. A na uku maƙwabcina ya yi sallama ya shigo har bayan gida.

"Bawana, me kake turkewa ba da izinin ubangidanka ba?"

Ya kama hancin san, ya ɓare bakinsa, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya saki, ya cire hula, ya durƙusa ya ce, "Barka da hutawa, Baba."

"Wane irin iskanci ne wannan?"

"Gaishe shi kai ma. Wannan ya ga zuwan Turawa."

Na ce ai na taɓa ji shanu dama ba su da haƙoran sama. Ya ce ƙwarai, na sama Allah bai ba su ba, na ƙasa kuma shekaru sun karɓe, saura dasashi zalla. Ya yi mini bayanin cikin da na gani a kasuwa: an hana shi ruwa ne, aka ba shi kanwa ya lasa, da safiyar Laraba aka kai shi rijiya ya sha har ya kumbura. Ruwan rijiya na saya da kuɗin kwano.

"Wa ya tsaya maka?"

"Ba kowa."

"To la'adar nan da ka yi wa rowa, ita ce igiyar da ake kamo mai kaya da ita. Ka sayar da shi Larabar nan, ka ɗauki asararka tun tana ƙarama."

Ban sayar ba. Na hau a-kori-kura har Gadaka ina cigiyar wani dogo mai malfa. Duk namijin da na gani a garin dogo ne, kuma da malfarsa. Na dawo da ciwon baya.

Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne kuskure na biyu, don na farko jahilci ne, wannan kuwa taurin kai. Na ce tunda ba ya tauna, a dama masa. Kullum safiya maiɗakina ta ɗora tukunyar biki ta dafa dusa da angurya, ta sheƙa masa a daro kamar mai jego. Albashina ya riƙa bi ta bakin da ba haƙori. Yana sha, yana lumshe ido, ba ya ƙara ko tsoka ɗaya. Inda abincin yake zuwa, Allah kaɗai ya sani.

Sallah ta matso, masu neman na layya suka fara shigowa. Wani alhaji ya dube shi ya tambaye ni ko jinya nake yi. Limamin unguwarmu ya ja ni gefe, cikin tausasa murya ya ce dabbar da ta rame haka ba ta isar wa mutum layya, kada in ɗauki alhakin wani. Aka yi sallah aka gama, bijimina yana turke yana kallon hayaƙin 'yan'uwansa.

Daga ƙarshe maƙwabcin nan nawa ne ya samo mini mahauci, kuma sai da na biya shi la'adarsa cif, ya karɓa yana sa mini albarka da Fulatanci. Mahaucin ya ce don darajar dattijo ya saya, naman sai an kwana uku ana ba shi wuta.

Na kira kafinta da abin da ya rage. Ya auna ɗaki, ya dubi kuɗi, ya ce rabi zai rufe, in zaɓi ɓangare. Kafin in buɗe baki maiɗakina ta nuna gefen gadonta da jeren kwanukanta. Wace fuska gare ni in yi musu?

Ruwan farko ya sauko wata ranar bayan la'asar. Ashe kafinta ya karkata kwanon ne ta gefena, duk abin da ya zuba a rabinta sai ya gangaro kan tsohon rufin da ke kaina. Da yoyo ne, yanzu indararo. Ina tsugune da daro ina tara, ita tana zaune a busasshen gado tana tsintar shinkafa.

"Malam," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba, "ɗan matsa da daron can, kana fantsamo mini."

Na matsa. Damina biyu na yi a wannan gefen.