Hauya ta Biyu a Gandun Dagaci

Ban taɓa mantawa da ranar da muka fara noman gandu ba, a shekarar da gwamna ya ɗebi mutane zuwa haƙar kuza a Jos. Lokacin ina malamin wani dagaci kusa da Rimaye. Ni ke rubuta masa takardu da ajami, ni ke tsayawa kan gandunsa.

Ga yadda ƙa'idar take. In baƙo ya zo ba shi da gona, dagaci kan yankar masa fili. Baƙon ba ya biyan ko anini, amma duk damina gidansa zai kawo hauya biyu, wato ƙarti biyu, su yi kwana uku a gandu. Wanda ya gaza, a karɓe gonar da shukar da ke cikinta.

Wani dattijo, Baba Tanko, yana kan irin wannan gona shi da ɗansa Ilu. Da aka ce mu ba da mutanen kuza, ni na rubuta sunan Ilu, don na san ɗan baƙo ba shi da mai tsaya masa.

Ran noma dattijon ya zo shi kaɗai da hauya biyu, ya ajiye guda a bakin kunya. Dagaci ya ce, "Tanko, ina mai wannan?"

"Ranka shi daɗe, malaminka ya san inda yake."

Dagaci ya dube ni. "Ni hauya biyu na sani. In azahar ta yi ba a taɓa kunyar nan ba, ka ba wani gonarsa."

Geron Baba Tanko kuwa ya kai gwiwa. Na je bakin gandu na dawo, na zauna na miƙe, na ja carbi ban san abin da nake ja ba. Da hantsi ya dubi ludayi na tuɓe riga na ɗauki hauyar.

Ƙarti suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Malam, a hankali, geron kake nomewa kana barin ciyawa."

Kwana uku na yi, tafin hannuna duk ya saɓule. Dagaci ya ce shi bai faɗi hannun wa zai riƙe hauyar ba, gona ta zauna wa mai ita.

Da muka tashi, Baba Tanko ya karɓi hauyarsa, ya daɗe yana duban hannuna. Ya ce, "Tun tafiyar Ilu, da baki kawai nake amsa sallamarka. Je ka, Malam, mun rabu lafiya. Na yafe."

Ku masu riƙe alƙalami yanzu, tun daga ranar ban sake rubuta sunan ɗan wani ba sai na tambayi wanda zai yi noma a gidansu.