Ranar da Zinariya Ta Yi Fari

A shekarar da rikici ya tashi ina budurwa a Onica, gidanmu bayan Kasuwar Ochanja. Ba ni da aiki sai karanta 'yan littattafan soyayya na kasuwa. A cikinsu na koyi cewa mai ƙauna, in ya ga masoyiyarsa, hannunsa rawa yake yi.

Wanda aka sa mana rana da shi maƙerin zinariya ne, shagonsa a zauren gidanmu. Da aka ji ana tare motocin Arewa ana ƙwace kayan mata, sai ya fito da wata 'yar kwalba mai nauyin tsiya. Zaiba ce a ciki, wani ruwa mai ƙyalli kamar narkakkiyar azurfa. In ya goga wa zinariya ita, sai ta yi fari kamar gwangwani, ba mai sake kallonta.

Mata suka yi ta zuwa, kuma ba wadda ta yarda sai ta gani da idonta.

"Kai ɗan nan, ka mai da mini warwaro murfin tukunya?" in ji gwaggona.

"Gwaggo, da ta ji wuta za ta dawo."

"To, dawo da ita in gani. Tun kana yawo ba wando na san ƙaryarka."

Ya ɗora warwaron a kan gawayi, farin ya ɓace, ja ya fito.

"Ina ta tafi?"

"Ta bi iska, Gwaggo."

Amma iskar ba ta da inda za ta. Ƙofa a kulle take, an toshe taga da buhu don kada a leƙo. Haka ya riƙa yi wa kowace mace, ya ƙona, ya sake shafawa.

Kyanwarmu ta daina shiga zauren. Tsaka suka riƙa faɗowa daga bango, ba motsi. Ɗige-ɗigen zaiba suka taru a tsagar daɓe suna kallon mutum kamar idon kifi. In na kai tsintsiya su watse, in na juya baya su haɗe.

Sai hannunsa ya fara rawa. In na kawo abinci ya sunkuyar da kai, ya kasa haɗa ido da ni. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, ga littafina ya tabbata.

"Yaya, kunyata kake ji?"

"Bakina ne, kamar na tsotsi ƙusa."

Muka gudo Arewa, zinariyar kowa ta isa Kano lafiya. A can likita ya duba dasashinsa da ke zubar jini, ya ce tururin zaiba ba shi da wari, ba a ganinsa, ta huhu yake bi ya zauna a ƙwaƙwalwa.

An ɗaura mana aure. Bai ƙara iya riƙe awartaki ba, ko shayi ni nake kai masa baki. Sau da yawa yakan ce in kawo 'yan kunnena da ya shafa wa zaiba ya dawo musu da launinsu, in ce wani jiƙon.

Suna nan cikin kwalba a ƙasan akwati, fari-fari. Duk sanda zan buɗe akwatin, sai na riƙe numfashina.