Kwamfutar da Yaya Habu ya zaɓa mini

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu, mai gyaran rediyo da kwamfuta a Matameye, Allah Ya jiƙansa. Akwai godiyar da ban yi masa ba yana raye, kuma har yau tana ci mini rai.

Lokacin da na buɗe shagon buga takardu, aiki iri biyu ya zo mini. Katunan biki da na suna, manhajarsu daga Kano nake samo ta, kuma sai a Windows take tashi. Ƙungiyar masu lambun rake ta wajen Tsauni kuwa tana so in riƙa zana mata taswirar lambuna da wata manhaja da aka ba su, wadda Linux kaɗai ta sani. Ni kuma ƙarfina na kwamfuta ɗaya ne.

Muka je Zinder tare da Yaya sayen kwamfuta. Idona ya faɗa kan wata siririya mai sheƙi. Yaya ko kallon fuskarta bai yi ba. Kowace aka miƙo masa sai ya kife ta, ya duba ko cikinta na buɗuwa. A ƙarshe ya ɗauko wata tsohuwa mai nauyi kamar dutsen niƙa.

"Yaya, wannan ai sai a yi mini dariya," na ce.

"Su yi, Sabi'u. Tana ɗaukar faifan ajiya biyu. Windows da Linux, kowane tsari da nasa, in ɗaya ya lalace ba zai ja ɗan'uwansa ba."

Na saya don kunyarsa, amma daga Zinder har gida ina fushi da shi. Ranar ya haɗa ta, ya koya mini yadda zan zaɓi tsari in na kunna, na karɓa fuska a murtuke. Da aiki ya kankama na san ya yi gaskiya, sai girman kai ya hana ni faɗa, har ciwo ya kwantar da shi.

Da zai ga kasuwar yau, da ya sha mamaki. Kwamfutoci sun zama kamar faranti, an like su ruf, ba inda za ka sa sukudireba. Na san zai juya su ya ajiye, ya ce an mai da mai kaya baƙo a kayansa.

Damina ta bara faifan Windows ya mutu, masu lambu na zaune suna jiran taswira. Na kunna ɗayan, aikinsu ya fita lafiya. Da suka tafi na kwance cikin kwamfutar, karo na farko a rayuwata. A jikin kowane faifai Yaya ya manna takarda da sunan tsarinsa. A murfin kuma, da rubutunsa mai karkata, ya sa: "In ka iso nan, cire wanda ya lalace ka sa sabo. Ina fata ka huce."

Na huce tuntuni, Yaya. Na gode.